Daga Zariya zuwa Sakkwato da waifa ɗaya

Ranar Juma'a muka tashi, mu 11 a cikin tsohuwar Hayis ɗin Baffa, za mu Sakkwato ɗaurin auren ƙanena. Yarinyar 'yar Mabera ce, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka haɗu lokacin yana karatu a can. Motar ta girmi angon. Aikinta na yau da kullum ɗauko buhunan masara daga Giwa zuwa cikin gari. Kwana uku kafin tafiyar Yaya ya kai ta gareji, aka yi juyen baƙin mai, aka duba birki, aka sayi taya ɗaya 'yar Beljiyam, aka gyara fitilar baya. Duk abin da muka san yana tsayar da mota a hanya an taɓa shi. Waifa kuwa ba wanda ya kawo zancenta. Tun farkon damina take gurnani tana barin layi-layi a gilashi, amma tunda tana motsi sai muka ɗauka lafiyarta ƙalau.

Baffa ya ce ba za mu fita ba sai gari ya waye sosai, don ba mai son shiga tsakanin Funtuwa da Gusau kafin hanya ta cika da motoci. Ƙarfe 6:30 muka bar gida. Yaya ke tuƙi, Baffa a tsakiya, ni a bakin ƙofa, sauran dattawa da abokan ango a baya tare da huhun goro da katan ɗin alawa. A Samaru muka sha man naira 45,000. Shika, Giwa, Funtuwa, duk hanyar gida ce, hira ake yi ana dariya.

Daga 'Yankara hirar ta mutu. Kowa ya san labarin wannan yankin, ba sai an faɗa ba. Baffa ya fito da carbi. Shingayen jami'an tsaro sun yi yawa har na daina ƙirgawa, wasu da buhunan yashi, wasu da tsofaffin tayoyi da itace. Yawanci tambaya ɗaya ce, ina zuwa, mu ce ɗaurin aure Sakkwato, a ce Allah ya sanya alheri. A wani shingen an ce a buɗe baya, aka leƙa huhun goron, Baffa ya ɗebo 'yan ƙwayoyi ya miƙa, muka wuce. Sai da na hango dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama sannan na ji kafaɗuna sun sauka. A Gusau muka karya da shayi da burodi da ƙwai, mu duka naira 12,000.

Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, kuma a nan ne ƙasa take sauya kama a idon Bazazzagi. Mu mun saba da masara ta fi mutum tsayi a watan Agusta, da manyan itatuwan ɗorawa da mangwaro, da ciyawa har bakin kwalta. Bayan Bunguɗu da Maru sai gero da dawa suka karɓe gonaki, itatuwa suka gajarce suka yi nesa da juna, sama ta buɗe ko'ina. A Talata Mafara muka yi sallar Juma'a. Garin shinkafa ne saboda ruwan madatsar Bakolori, mun kuma ci ta da miya a wata rumfa kusa da tasha. Rana take sosai a lokacin, babu ko ɗigon gajimare a yamma. Ba mu waiwaya gabas ba.

Mun wuce Tureta kaɗan ɗaya daga cikin abokan ango ya ce mu dubi baya. A Zariya hadari yakan ba ka lokaci, ya haɗu a hankali, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya. Wannan kuwa jan bango ne na ƙura daga ƙasa har sama, yana gudu ya fi motarmu. Cikin minti kaɗan ya rufe mu. Iska ta riƙa tura Hayis ɗin gefe, ƙura ta lulluɓe gilashin gaba, sai ga manyan ɗigon ruwa jefi-jefi a kanta. Yaya ya kunna waifa, ta dama ƙurar da ruwan ta shafe gilashin da taɓo. Ya ja maɓallin feshin ruwa, babu ko ɗigo. Sai ruwan ya kece gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya.

Ya ƙara wa waifar gudu. Ta je ta dawo kamar sau goma, sai muka ji wani ƙas, hannun da ke gefen direba ya wuce bakin gilashi ya je ya rataye a kan ƙarfen gefe, ya tsaya cak. Injin waifar yana ta aiki, ana jin kukansa, hannun gefena yana ta kai da kawo yana tsalle, amma gaban Yaya ruwa ne kawai yake gangarowa kamar an saki labule.

Inda a hanyar Kaduna ne kusa da wani gari, ko a cikin Zariya, sai a gangara gefe a jira ruwa ya tsagaita. Nan daji ne, kuma dajin da ba a tsayawa. Wani daga baya ya ce a tsaya a gyara, Baffa ya ce ba a nan ba. Shi ne abin da ban taɓa tunani a kai ba sai ranar: ba ka gani, ba ka kuma isa ka tsaya ba. Yaya ya kunna fitila da sigina biyu, ya rage gudu har allura ta dawo wajen 20, ya karkato da kansa ta gaban Baffa yana leƙe ta ɗan wurin da waifata ke sharewa. Numfashinmu ya sa gilashin ya yi hazo ta ciki, Baffa ya cire hularsa yana gogewa da ita. Ni na zama idon motar. Nakan ce rami a dama, Yaya, koma hagu kaɗan, mota na zuwa, riƙe hannunka. Ita ma waifar tawa rabin aiki take yi, in ta hau ta share, in za ta sauko sai ta yi ta karkarwa ta bar ruwa a daidai tsayin idona. A baya ba ka jin komai sai hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Allah ya kawo wata tirela ta wuce mu a hankali, Yaya ya liƙe wa jajayen fitilunta na baya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san da muka shiga Dange muka tsaya a gaban rumfar wani mai faci, da Yaya ya saki sitiyari yatsunsa sun ƙi miƙewa. Mai facin, yaro ne matashi, ya fito cikin yayyafi da buhu a ka, ya dawo da hannun waifar kan gilashi, ya ɗaure notin da ƙarfinsa. Naira 500 muka ba shi, ya kuma cancanci fiye da haka. Sai dai a inda hannun ya faɗo a nan ya ɗaure shi, don haka daga Dange zuwa Shuni har Kwannawa waifar tana dukan robar ƙasan gilashi, tana kuma tsayawa tun ba ta kai gefen direba ba. Amma ana gani. Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba.

Dangin amarya sun ba mu gida guda a Mabera, tabarmi da katifu a ɗakuna biyu. Unguwar ta sha ruwa, wasu lungunan sai an naɗe wando. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da naman rago, daga baya kuma aka shigo da ƙwarya cike da fura da nono. Na sha fura a wurare da yawa, amma damun Sakkwato daban ne, ga kauri ga yaji, geron yana da ƙamshi. Dattijon da ya tarbe mu ya ce, “Kun iso lahiya? Hadarin ga ya same ku bisa hanya?” Baffa ya ce ya same mu, Allah dai ya kiyaye. Bai ƙara komai ba.

Da safe ƙarfe 11 aka ɗaura aure, Baffa ya karɓa wa ƙanena, aka raba goro da alawa. Daga nan wani ƙanin amarya ya raka mu Hubbaren Shehu. Na sha jin labarinsa tun ina makarantar allo, don daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne Malam Musa ya karɓo tutar da ya shiga Zazzau da ita. Wurin ba shi da ado, mutane ne dai ke shiga da fita, maza da mata, wasu daga Nijar, kowa da muryarsa ƙasa-ƙasa. A 1817 Shehu ya rasu, amma yadda ake ambatonsa a unguwar sai ka ce bara ne. Mun yi addu'a, muka bi ta gaban Fadar Sarkin Musulmi, dogarai da jajayen riguna suna zaune a ƙofa. Dattawa suka koma masauki a kan kabu-kabu, haka suke kiran acaɓa a can, ni da Yaya kuma muka ce ba za mu kwana ba sai an duba waifar nan. Ƙanin amaryar ya ce mu tafi Buzaye, can makanikai suke.

Wanda aka nuna mana dattijo ne, zai kai shekara 60, siriri, da farin gemu, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota a gindin dogon yaro. Muka gaisa. Yaya ya ce, “Baba, waifan motan nan ne ya lalace.” Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Ku Zage-zagi na ko? Sannunku da tahiya.” Yaya ya ce a sa mana sabbi gaba ɗaya, hannu da roba, ko nawa ne. Ya ce, “Bari in diba tukuna.”

Bai taɓa sifana ba sai da ya sa yaronsa ya kawo ruwa a buta. Ya ce Yaya ya kunna, yaron yana zuba ruwa a gilashi, shi kuma ya tsaya gefe ya harɗe hannu yana kallo. Ya zagaya ɗaya gefen ya sake kallo. Ya kusa minti uku a haka. Sannan ya ce, “Ciwo ukku na, kuma ba guda da ka son sabon hannu.”

Ya sa a shimfiɗa kwali a kan gilashin tukuna. Ya ce hannun waifa in babu roba a jikinsa ya suɓuce ya daki gilashi, sifirin ɗin da ke ciki ya isa ya tsaga shi, an zo gyaran dubu biyu a koma da asarar dubu hamsin. Ya ɓalle murfin robar da ke gindin hannun direba, ya kwance notin da sifana lamba 14, ya ɗaga hannun ya girgiza shi a hankali har ya fito. Sai ya kira ni, “Taho, ɗana, diba nan.” Ƙarfen da ke fitowa daga jikin motar, wanda hannun ke zama a kai, kansa a tsuke yake, kuma yana da ƙananan haƙora a kewaye. Haƙoran duk sun cike da wani farin gari. Ya ce garin jikin hannun ne. Ƙarfen motar mai tauri ne, gindin hannun kuwa mai laushi ne, don in aka ɗaure noti haƙoran su nutse a ciki su riƙe. In notin ya yi sako-sako sai hannun ya riƙa ɗan zamewa kullum, haƙoran suna cinsa kaɗan-kaɗan, har ranar da ruwa mai nauyi da iska suka haɗu, ya sake gaba ɗaya. “Wanga noti ya daɗe da sakewa,” in ji shi. “Ba jiya yaf fara ba.” Na tuna gurnanin da muke ji tun watan Mayu.

Da buroshin ƙarfe da bakin allura ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya har suka fito fes. Ya duba ramin hannun a rana ya ce bai cinye duka ba, zai kama. Ya cire na gefena shi ma. Abin da ya yi bayan nan shi ne wanda mai facin Dange bai yi ba. Ya ce Yaya ya kunna waifa babu hannu ko ɗaya, ƙarafan biyu suna juyawa su kaɗai, sannan ya kashe ta da maɓallinta, kada ya kashe da makulli. Injin ya ƙarasa zagayensa ya tsaya da kansa. Ya ce nan ne makwancinta, sai injin ya kwanta sannan ake ɗora hannu, in ba haka ba ko dai ta riƙa dukan ƙasa ko ta haura bakin gilashi. Ya ɗora hannun direba ya bar tazarar yatsu biyu tsakanin robar waifa da robar ƙasan gilashi, ya ɗaure kaɗan, aka zuba ruwa aka gwada. Ta wuce inda yake so da ɗan kaɗan. Ya kwance, ya matsar da ita kamar faɗin haƙori ɗaya, aka sake gwadawa. Sai a karo na uku ya riƙe hannun da hagunsa ya ɗaure notin tamau.

Ciwo na biyu a gaɓar hannun yake, inda yake lanƙwashewa in za a ɗaga shi. Ya ɗaga na direba da ɗan yatsa ya sake shi a kan kwalin, ya yi haka da nawa. Nawa a hankali yake komawa kamar mai ciwon gwiwa. Mun ɗauka sifirin ne ya mutu, ashe ƙura da tsatsa ne suka cushe gaɓar, sifirin yana ja amma ƙarfinsa ba ya isa gilashi. Ya ɗiga baƙin mai, ya yi ta ɗagawa yana saukewa har baƙin ruwa ya fito, ya goge. Daga nan hannun ya fara komawa da kansa da ƙarfi.

Na ukun shi ya fi ba ni mamaki, shi ne kuma dalilin karkarwar da ta kusa sa ni kuka a hanyar Dange. Ya sa aka kunna waifa, da ta iso tsakiyar gilashi ya ce a kashe da makulli, ta tsaya a nan. Ya ce in sunkuya in dubi bakin robar. A karkace take, ta jingina gefe ɗaya. Ya ce bakin roba a tsaye ya kamata ya zauna a kan gilashi, don in hannu ya hau ta kwanta baya ta bi shi, in ya juyo ta kifa ɗaya gefen ta sake bin shi. Tawa hannun ya ɗan murɗe, wataƙila wajen wanki ko lodin buhu, don haka in ta hau jan ta ake yi, in za ta sauko kuwa tura ta ake yi da baki, shi ya sa take tsalle. Ya cire robar, ya naɗe ƙarfen da tsumma, ya kama shi da filaya biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. Murɗawar da ya yi ko a ido ba ka ganinta. Ya mayar, aka zuba ruwa, ya saurara, ya ƙara kaɗan. Karar ta ɗauke.

Robobin kam ya ce a sake su, sun bushe sun tsattsage. Yaronsa ya hau kabu-kabu ya sayo biyu a naira 5,000, an auna da tsoffin don tsayin ya yi daidai. Kafin ya dawo muka zauna a inuwa, dattijon ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Ya ce a Sakkwato roba ba ta daɗewa, don zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, gilashi ya yi zafin da ba ka iya ɗora tafi, roba tana kwance a kai tana gasuwa. Ga ƙurar hunturu, direba ya tashi da safe ya kunna waifa a kan busasshen gilashi, ƙurar ta ci robar ta kuma karce gilashin. Daminarsu daga Yuni zuwa Satumba ce, gajeriya a kan tamu. “Wata takwas ba mai tuna ta,” ya ce. “Ran da hadari yat taso kowa shi sheƙo nan.” Ya ce ya ga motocin da aka jawo masa daga hanyar Illela da ta Gusau waɗanda injinsu lafiya lau, birkinsu lafiya lau, direba ne kawai bai ga gabansa ba. Da ya faɗi haka Yaya ya sunkuyar da kai.

Bai sallame mu ba sai da ya bi tiyon feshin ruwa ya gano inda ya tsage, ya yanke ya sake haɗawa, ya cika tankin, ya sa allura a 'yan ramukan feshin ya daidaita su suna bugun tsakiyar gilashi. Yaron ya wanke gilashin da ruwan omo ya ɗauraye, ya goge da tsohuwar jarida, saboda maiƙon hayaƙin manyan motoci da ke sa ruwa ya yi ta shafewa maimakon ya gangara. Kuɗin aiki ya ce naira 2,000. Yaya ya ba shi 4,000, ya mayar da dubu ɗaya, ya miƙa wa yaronsa ɗaya, ya sa biyu a aljihu. Ya ce, “Ku gai da mutanen Zazzau. Kak ku yi dare bisa hanya.”

Da yamma muka shiga babbar kasuwa, na sayi kilishin naira 6,000 da takalmin fata na jar akuya, Baffa kuma ya sa aka ɗora masa rabin buhun albasa.

Lahadi ƙarfe 7 muka kamo hanya. Mun wuce Dange mai facin yana bakin rumfarsa, Yaya ya yi masa hon ya ɗaga hannu. Wurin da ruwan ya same mu shekaranjiya na gan shi da rana, gonakin gero ne kore shar da ramuka a kwalta waɗanda ban san yadda muka tsallake su ba. Har Gusau babu ko gajimare. Sai bayan Tsafe, a daidai inda ba a tsayawa, ruwa ya sauko mai ƙarfi. Yaya ya fesa ruwa, ya kunna waifa. Hannayen biyu suka tashi tare suka kwanta tare, babu ƙara sai ɗan shuu, kwalta da ramukanta da motar da ke gabanmu duk a fili. Na ga ina ta faɗin rami a dama, rami a hagu, har Yaya ya ce, “Ina gani, ƙanena, huta.” Baffa ya mayar da hularsa kai. Ruwan ya raka mu har Funtuwa, muka shiga Zariya ana sallar la'asar.